Rabon Ƙyallen Juma'a

Da na yaye zanen da nake rufe kekena da shi a safiyar wannan Alhamis, na zauna na taka feda, sai ƙafata ta tafi sakayau, ba nauyi. Allura ba ta motsa ba. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashin teburin: babu igiya.

Ku da kuka shigo ateliyen nan, gidan ɗinkinmu, kwanan nan ba ku san ma'anar wannan ba, kuma ina fata kada ku sani. Mai gidanmu, Alhaji Garba, mutum ne mai jin nauyin ido. Bai iya kallon ma'aikaci ya ce masa aiki ya ƙare ba. Sai ya sammako kafin kowa, ya cire igiyar fatar nan da ke haɗa feda da kan keke, ya jefa ta a aljihun teburinsa. In ka zo ka tarar da kekenka ba igiya, an gama magana ke nan. Na ɗago kai na dubi ɗakin. Kowa ya sunkuya a kan aikinsa, har waɗanda ba su ko zura zare ba tukuna.

Kafin in faɗi yadda ranar ta ƙare, bari in koma baya kaɗan, don na ji wasunku suna cewa ɗinki ba wani abu ba ne illa taka feda, kwamiti kuwa taron tsofaffi ne masu cinye wa mutane lokacin hutu.

Aikina na farko a nan ɗaura maɓalli ne. Na baro kolej ban gama ba, don tsiren da babana yake sayarwa a bakin titin Briqueterie ya daina ɗaukar nauyin makarantarmu duka. Na zo ina ganin tunda na iya Faransanci da lissafi, mako guda ya ishe ni in hau keke. Aka ba ni kwandon rigunan makaranta da allurar hannu. Mama Ngono, wadda take zuwa daga unguwar Madagascar, ita ce babba a kan masu keke. Takan ɗauki rigar da na gama, ta kama maɓallin ta fizge shi da ƙarfi kamar yadda ɗan firamare zai yi. In ya biyo hannunta, ta jefo mini rigar.

"Ma fille," wato 'yata, takan ce da Hausarta ta kasuwa, "yaro zai sa wannan, ba gawa ba."

Daga maɓalli na koma kalmasa, daga kalmasa zuwa wurin Inna Dudu mai guga, inda na koyi gane zafin dutsen gawayi da tofin yawu, da yadda ake busa toka kada ta sauka a kan farin yadi. Sai da damina ta zagayo kafin a bar ni in zauna a keke. Ko a nan ma, ba ɗinki aka fara koya mini ba. An fara da sauraro. Keken da ƙoshiyarsa ta zauna daidai yana da murya guda, wanda zarensa ya yi tsauri yana da wata, wanda yake neman mai yana da tasa. Almakashin Baba Sanda mai yanka kuwa har yau ban taɓa shi ba. Mutumin Garwa ne, ba ya yawan magana, yana naɗe almakashin a tsumma kamar jariri, kuma ya fi yarda ka taka masa ƙafa da ka yanka takarda da shi.

Aikin da ya fi ba ni wahala shi ne hannun riga. Kafaɗa zagaye take, yadi kuwa a shimfiɗe yake, dole ka lallashe shi da yatsu yayin da ƙafa take tafiya. In ka ja, ya tattare. In ka saki, ya yi kumburi. Wata mata daga unguwar Tsinga ta taɓa dawo mini da rigar mijinta har sau uku, tana cewa in ya ɗaga hannu zai tare taksi, duk rigar sai ta bi shi sama. Gaskiyarta ce. Wannan rigar ta koya mini abin da babu malamin da ya koya mini.

Sai shekarar wahala ta zo, wadda kowa yake kira kiriz. Aka zaftare wa ma'aikatan gwamnati albashi, su ne kuwa masu ɗinka sabbin kaya. Kuɗi suka rasa daraja, zare da allura da man keke suka yi tsalle. Gwanjo ya cika kasuwar Mokolo. Iyaye suka koma kawo tsohuwar rigar makaranta a saki kalmasa, a juya wuya, ƙane ya gaji rigar wansa. Akwai ranakun da ɗakin nan yakan yi tsit har kana jin kiran masu sayar da ayaba a titi.

A nan na fara gane abin da kwamiti yake. Mu 'yan ƙungiyar ƙwadago ne, wadda ake kira sandika, kuma ofishinta yana can cikin gari. Wani mutum mai jaka yakan zo jefi-jefi ya yi mana jawabi da Faransanci, ni nake fassara wa waɗanda ba sa ji. Ba na raina su, su suka san doka, kuma in magana ta kai gaban hukumar ƙwadago su suke tsayawa. Amma mutumin bai san wace ce take zaune kusa da taga don idonta ya fara rauni ba. Bai san wace ce take shayarwa ba. Wannan sai kwamiti: mutum uku da muke zaɓa a cikinmu da ɗaga hannu, kowace shekara bayan ƙaramar salla. A lokacin, Mama Ngono ce da Baba Sanda da Inna Dudu.

Da aiki ya ragu, su suka shiga wurin Alhaji suka ce maimakon a sallami rabi, a raba yinin: wasu safe, wasu yamma. In allura ta huda yatsa, su suke tsayawa a kai mutum asibiti. Su suka kafa ƙa'idar da nake so ku riƙe ko da kun manta da komai: ba wanda yake shiga ofishin mai gida shi kaɗai, ba wanda yake dangwala yatsa a takarda shi kaɗai. Ba kullum suke cin nasara ba. A idona aka cire igiyar mutum biyu, abin da kwamiti ya iya samo musu kawai shi ne ɗan lokacin neman wani wuri, da alkawarin su za a fara kira in aiki ya dawo. Har yanzu ba a kira su ba.

Akwai kuma rabon ƙyalle. Tun kafin zuwana aka yi wannan yarjejeniya da Alhaji, da baki, ba a rubuce ba. Duk guntun yadin da bai kai kamu ɗaya ba, daga gwiwar hannun Baba Sanda zuwa kan yatsansa, na ma'aikata ne, don ba a fitar da hannun riga ko ƙafar wando daga cikinsa. Ana tara shi a buhu duk mako. Ranar Juma'a, in maza sun dawo daga masallaci, kwamiti ya zazzage buhun a kan teburin yanka, ya kasa shi kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa. A shekarun daɗi wasu ba sa ma tsayawa ɗauka. A kiriz kuwa, ƙyallen nan abinci ne. Inna Dudu tana cusa matasan kai da shi ta sayar, da su take ciyar da jikokinta.

Aikin da ya riƙe mu a wannan shekarar na wani kamfanin masu gadi ne. Su suke kawo yadinsu, shuɗi mai duhu da siririn jan layi a cikin saƙar, irin da ba a samunsa a kasuwa. Ni ce a kan aljihu da wuya. Ƙyallensa mai ƙarfi ne, ba ya jin wuta da wuri, don haka na yi ta tara kasona har ya isa, na harhaɗa shi na ɗinka wa babana tabiliye, rigar gaban nan da masu nama suke ɗaurawa. Na yi masa aljihun wuƙa da na canji. Ya ji daɗinta ƙwarai. Duk wanda ya tsaya sayen tsire sai ya buga ƙirji ya ce, "Aikin Ramatu ne wannan."

To, ita ce ta jawo.

Ina zaune gaban keken da ba igiya, sai ƙofar ofis ta buɗe. Alhaji bai fito ba, muryarsa kawai na ji.

"Ramatu, zo."

Na miƙe. Ban kai rabin ɗakin ba na ji an riƙe mini gefen mayafi. Mama Ngono ce.

"Ina za ki?"

"Alhaji ne yake kira, Mama."

"Na ji. Ba kurma ba ce ni. Ke kaɗai?"

Ta soke allurarta a ƙirjin rigarta, Baba Sanda ya naɗe almakashinsa, Inna Dudu ta sauke dutsen guga a kan bulo. Mu huɗu muka shiga. Tabiliyen babana tana kan teburin Alhaji, da maiƙonta da ƙaurin hayaƙinta.

Alhaji ya yi bayani yana kallon bango. An shiga wasu gidaje a Tsinga an yi fashi, kuma waɗanda suka shiga sanye suke da kayan kamfanin. Kamfanin yana neman ta inda yadinsa yake zurarewa. Jiya da yamma ɗaya daga cikin manyansu ya tsaya sayen tsire, ya ga yadin a ƙirjin babana, ya tambaya, babana kuwa ya buga ƙirji ya faɗi sunana da sunan ateliye. Mutumin ya karɓe tabiliyen ya kawo wa Alhaji. Zai dawo bayan azahar tare da ɗan sanda daga komisariya, ofishin 'yan sanda. Ko a ba su wanda ya fitar da yadin, ko su janye aikin gaba ɗaya.

"Bakuna nawa ne suke ci a nan?" in ji Alhaji. "Ni ban ce ɓarauniya ba ce. Ta je ta yi musu bayani, ta iya Faransanci. In ba ta da laifi za su sake ta."

Duk mun san yadda ake shiga komisariya a shekarun nan, da yadda fitowa take.

Ya turo wata takarda da Faransanci, wai in sa hannu cewa ni na fitar da yadin ba da sanin ateliye ba. Mama Ngono ta ɗora tafin hannunta a kai, ba ta ko karanta ba.

"Alhaji, ka ba mu zuwa azahar."

"Me za ku yi zuwa azahar? Ku kira mutanen sandika?"

"Za mu aika. Amma kafin su samo taksi, yarinya ta kwana a can. Wannan namu ne."

Aka aika mutum ofishin ƙungiya, kwamiti kuma ya tara mu a bayan ɗaki, wajen guga. Mama Ngono ta faɗi abin da ake ciki a taƙaice, ta ce duk wanda ya taɓa ɗaukar ƙyallen kamfanin a rabon Juma'a ya je gida ya kawo abin da ya yi da shi. Wani daga cikin maza ya ce, "Wato mu kai kanmu da kanmu? Yarinya guda ake nema, mu mayar da ita mu duka?"

"Kai ma ka ci rabon ko ba ka ci ba?" in ji Inna Dudu. "Hular nan da ɗanka yake yawo da ita kamar kwamanda, daga Makka ka sayo ta?"

Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro. Ya yi tsaki, amma shi ya fara fita. Mutane suka riƙa tafiya bi da bi don kada kekuna su tsaya. Ni aka hana ni fita. Inna ta zaunar da ni kusa da murhunta ta ba ni kwandon maɓalli, ta ce hannu in yana aiki ba ya rawa. Na soki yatsana ban san iyaka ba.

Bayan azahar mutumin kamfanin ya iso, dogo, da baƙin tabarau, ɗan sandan kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makulli. Suka tarar da teburin yanka a cike: matasan kai, hulunan yara, jakar makaranta, bargon jariri, tsumman ɗaukar tukunya, abin goyo, duk da shuɗin yadin nan mai jan layi. Kowa yana tsaye a bayan abinsa. Mama Ngono ta yi masa bayanin rabon Juma'a da Faransanci. Ya saurara, sa'an nan ya ce wannan labari ne, shi abin da ya gani a titi cikakken yadi ne a jikin mutum.

Baba Sanda ya miƙo mini reza.

"Farke ta, 'yata."

Farke ɗinkin da ka yi da hannunka aiki ne da ba a so, balle ana kallonka. Na yi ɗinkin da kyau, ninki biyu, don kada wuta da wanki su ci shi, yanzu kyan nan ya zame mini wahala. Zaren ya sha mai ya yi tauri. Ina yanka ina ja, ƙaurin tsire yana tashi, ƙyalle yana fita ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya fita, Baba Sanda ya ɗora shi a kan hannunsa daga gwiwa zuwa yatsa, ya nuna, ya ajiye. Babu wanda ya kai. Aljihun wuƙa ya fita, na canji ya fita. Sai aka zo kan maɗaurin ƙugu. Na manta da shi sam. Siririn bakin yadi ne, amma dogo, ya zarce hannun Baba Sanda ya yi lilo.

Mutumin ya sa yatsa ya ɗaga shi. Ɗan sandan ya daina kaɗa makulli.

"Wannan fa?"

Na buɗe baki, Faransancin da nake tinƙaho da shi ya ɓace mini ƙaf.

"Ni na yanke shi," in ji Baba Sanda, "ni na jefa shi a buhu, ni na sa shi a kasonta. Yarinya ba ta zaɓar kasonta. In akwai mai zuwa komisariya a kan wannan, ga ni."

"Mu uku muke rabo," in ji Mama Ngono. "Motarku tana ɗaukar uku?"

Inna Dudu ba ta jin Faransanci, amma ta gane inda aka dosa. Ta juya ta dubi Alhaji, wanda ya jawo kujerarsa ya zauna a bakin ofis.

"Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, bayan naka ya yi sauƙi? Na ga matashin da na yi maka yana aiki."

Alhaji ya miƙe, ya dubi abin da yake zaune a kai tun farkon damina. Shuɗi ne mai jan layi. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗauke shi da hannunsa, ya tako har teburin yanka, ya ɗora a saman tarin.

"Da izinina ake rabon," ya ce wa mutumin. "Tun kafin a haifi yarinyar nan."

Mutumin ya cire tabarau ya murza ido. Shi ma, na lura, a tsorace yake, akwai waɗanda zai koma ya ba amsa. Ya ce ba zai iya komawa hannu wofi ba. Sharaɗinsa guda: duk abin da ke kan teburin nan zai tafi da shi, kuma daga yau ko zare guda na yadinsu ya faɗi ƙasa, a tara a buhu a mayar musu. In an yarda, zai ce ya toshe ƙofar, ya nemi ɓarayinsa a wani wuri. In ba a yarda ba, yarinya ta biyo su.

Ga abin da nake so ku lura da shi. Mama Ngono ba ta ce to ba. Ta ce wannan ba nata ba ne da za ta bayar, na mutane ne, sai ta tambaye su. Ta bar baƙin a ofis da Alhaji, ta mayar da mu bayan ɗaki. Ta faɗa ƙarara: yadin kamfanin shi ne kusan duk abin da muke yankawa yanzu, in an ba da ƙyallensa, rabon Juma'a ya mutu ke nan sai yadda hali ya yi. Aka yi gunaguni. Wata ta ce bargon jaririnta ne a kan teburin, da me za ta rufe shi? Ni ina tsaye a gefe, ba ni da bakin magana.

"Wanda ya yarda ya ɗaga hannu," in ji Mama Ngono.

Hannun farko da ya tashi mai tabon ƙunar gawayi ne. Inna Dudu ce, wadda matasan kanta suka fi na kowa yawa a kan teburin.

"Me kuke kallo?" ta ce. "Jikokina su kwana a kan hannunsu, ai da shi aka haife su."

Sauran suka biyo, wasu da sauri, wasu da ƙyar. Mai bargon ita ce ta ƙarshe, ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Kwamiti ya koma ofis aka rufe ƙofa. Muka ji ana kiran la'asar, ba wanda ya motsa. Can sai mutumin ya fito, aka cusa masa komai a buhuna, har da guntayen tabiliyen babana. Ɗan sandan ya ɗauki buhu guda, ya wuce ta gabana bai ko kalle ni ba. Ina jin tashin motarsu, amma ban yarda ba tukuna, ina jiran a dawo a ce an manta da ni.

Mama Ngono ce ta fito daga ofis a ƙarshe. A hannu guda takardar nan ce, ta miƙa wa Inna, Inna ta tura ta cikin murhun guga. A ɗaya hannun igiya ce a naɗe. Ta ajiye ta a kan kekena.

"Ba inda za ki, ma fille. An gama."

Na durƙusa in mayar da igiyar, yatsuna suka kasa zura ƙugiyar a raminta. Na gwada, na sake gwadawa. Baba Sanda ya tsuguna ya riƙe mini bakin guda har ta shiga.

"To, a tashi a yi salla," in ji Inna. "Ke kuma Ramatu, aljihun mutane yana jiranki, ba kuka aka ɗauke ki yi ba."

Na zauna na taka feda. Nauyin ya dawo ƙarƙashin ƙafata, allura ta sauka.